Daga Ƙonni zuwa Malbaza: Tabarmar tsofaffin littattafai da ta zama ɗakin karatun talaka

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta ta RN1 daga Birnin Ƙonni ya nufi gabas, abin da zai fi cika masa ido shi ne manyan motoci. Wasu na ɗauke da siminti daga masana'antar Malbaza, wadda ke aiki tun shekarun 1960, wasu kuma an labta musu buhunan albasar Galmi. Waɗannan kaya biyu su ne suka fitar da sunan yankin.

Amma akwai wata haja ta uku da ba a cika lura da ita ba, domin ba ta cika mota, ba ta kuma tara 'yan dako. A cikin kwali ko buhu take tafiya, a bayan babur ko a ƙarƙashin kujerar motar haya. Wannan haja ita ce tsofaffin littattafai.

A Nijar ana kiran sana'ar da Faransanci "librairie par terre", wato kantin littattafai na ƙasa. Sunan ya dace da ita, domin kantin bai wuce tabarma ko leda da aka shimfiɗa a bakin kasuwa, ko kusa da tasha, ko a ƙofar masallacin Juma'a ba. Wanda ya ɗan yi ƙarfi yakan samu tebur, ko rumfar kwano mai ƙofa ɗaya.

Manyan kantunan littattafai sun taru ne a Yamai, mai nisan kilomita sama da 400 daga Ƙonni. Saboda haka ga ɗalibin ƙauye, ko almajirin da ya fara karatun ilimi, ko matar aure mai son labari, wannan tabarma ita ce kanti, ita ce kuma ɗakin karatu.

Haja iri uku a kan tabarma ɗaya

Idan aka tsaya aka duba abin da ke kan irin wannan shimfiɗa, za a ga kaya iri uku, kowanne da hanyar da ya biyo.

Na farko su ne littattafan lakwal, kamar yadda ake kiran makarantar boko a Nijar. Da Faransanci aka rubuta su, kuma daga yamma suke zuwa, wato daga Yamai, ko daga hannun ɗaliban da suka wuce aji. A cikinsu akwai na lissafi da kimiyya da tarihi, da ƙamus irin na Larousse, da littattafan nahawu, da kuma kundin tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Ɗalibi kan yi shekara huɗu a kwaleji kafin ya zauna jarrabawar BEPC, sannan shekara uku a lise kafin BAC, kuma 'yan waɗannan azuzuwan jarrabawa su ne suka fi kowa zarya wurin mai littattafai.

Na biyu su ne littattafan addini. Waɗannan daga kudu suke shigowa, daga Sakkwato da Kano, inda Kasuwar Kurmi ta daɗe tana zama matattarar masu sarinsu. Su ne littattafan da ake bi daki-daki a makarantun zaure, daga Ƙawa'idi zuwa Ahalari da Ishmawi da Iziyya har zuwa Risala, tare da littattafan hadisi da na addu'o'i da ƙasidun ajami. Ba sa tsufa a wurin mai saye, domin abin da kaka ya karanta shi jika zai karanta.

Na uku su ne littattafan Hausa na boko, musamman ƙagaggun labaran da aka buga a Kano. Su ma ta iyakar Illela ta jihar Sakkwato suke shigowa, wadda ke 'yan kilomitoci kaɗan daga Ƙonni. Wannan Illela daban take da Illela ta ƙasar Adar, hedikwatar gundumar da ke arewa da Ƙonni a jihar Tahoua, ko da yake littafin da ya tsallako ta waccan yakan ƙare a kasuwannin wannan.

Mai sana'ar da ya san abin da yake yi ba ya dogara da kaso ɗaya, saboda kowane kaso da lokacinsa. Na lakwal suna tafiya ne a watan Oktoba idan an koma makaranta, da kuma gab da jarrabawa. Na addini kan motsa idan azumi ya gabato. Labaran Hausa kuwa sun fi fita a dogon hutun damina, lokacin da 'yan makaranta ke gida.

Yadda ake juya jari

Ribar wannan sana'a tana ɓoye ne a wurin saye. A ƙarshen shekarar karatu, wajen Yuni da Yuli, ɗaliban da suka gama da littattafansu kan kawo su, wasu don su samu kuɗin mota, wasu don su rage kaya. Mai tabarma yakan saya da araha, ya liƙe bangon da ya yage, ya ɗinke shafukan da suka warware da zare da allura, ya goge rubutun fensir, sannan ya adana har Oktoba. Jarinsa ke nan kwance na wata uku ko huɗu, a daidai lokacin da ruwan sama ke barazana ga duk wani abu na takarda.

Ba kullum ake cinikin da tsabar kuɗi ba. Akwai musaya: yaro ya kawo littafin ajin da ya bari, ya cika 'yan kuɗi, ya karɓi na ajin da zai shiga. Ta haka littafi ɗaya kan ratsa hannun yara huɗu ko biyar kafin ya mutu, kuma sau da yawa sunayensu na jere a bangon ciki, an soke na baya an rubuta na gaba.

Akwai kuma haya, wadda ta fi yawa a labaran Hausa. Mai karatu ya biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya tafi da littafi na kwana ɗaya ko biyu. Da yake yawancin labaran Kano kashi-kashi ake buga su, na ɗaya da na biyu da na uku, wanda ya karɓi na farko da wuya ya ƙi dawowa neman na biyu. Matsalar mai haya ita ce idan kashi ɗaya ya ɓata a hannun wani, sauran sun zama marayu, babu mai son labarin da ba shi da ƙarshe.

Baƙo daga Najeriya kan ruɗe da lissafin wurin. Da dala ake ƙirga sefa, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Idan aka ce dala ashirin, sefa 100 ake nufi, dala ɗari sefa 500, jika kuma sefa 1,000. A garuruwan bakin iyaka naira ma tana yawo, don haka dole mai sana'ar ya riƙe farashin canji a ka, domin ya sari kaya da naira a Sakkwato ya sayar da sefa a Malbaza.

Wani abin da ke riƙe da sana'ar shi ne bin kasuwanni. Gari ɗaya ba ya ɗauke da masu saye da za su ciyar da mutum kullum, saboda haka wasu kan bi ranakun kasuwa, kamar ta Ƙonni da ke ci ran Laraba, su kwana nan su tashi can, kaya a bayan babur.

Amana ta fi jari

Wanda ya zauna kusa da irin wannan tabarma na yini guda zai gane cewa ba littafi kaɗai ake sayarwa ba. Da wuya a kira mai ita da sunansa tsura, Malam ake ce masa, ko da bai taɓa koyarwa a aji ba.

Dalili kuwa shi ne aikin da yake yi wa jama'a. Alƙaluman hukumar UNESCO na shekarun baya-bayan nan sun nuna cewa manyan da suka iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai kashi 40 cikin 100 ba. Ma'ana, iyaye da yawa kan zo ne da takardar da mushe, wato malamin lakwal, ya rubuta sunayen littattafai, ba tare da sun iya karanta ta ba. Mai littattafai ne zai karanta, ya zaɓo, ya kuma faɗa wa uban yaro gaskiya kan wanda ya zama dole da wanda za a iya jinkirtawa. Idan ya cuce shi sau ɗaya, ya ba shi bugun da aka daina amfani da shi, labari zai zaga unguwa kafin la'asar.

Bashi ma wani ginshiƙi ne. Komawa makaranta na zuwa ne a lokacin da manomi ke tsakiyar girbin gero, bai kai ga sayar da komai ba, mai albasa kuma sai rani ya yi nisa kuɗinsa ke shigowa. Saboda haka littafi kan tafi gida a Oktoba, kuɗinsa su biyo baya. Babu takardar yarjejeniya, sai ɗan littafin rubutu da sanayya. Mai sana'ar ya san gidan kowa, ya san wanda in ya ce gobe to goben ce, ya kuma san wanda sai an haɗa da haƙuri.

Malaman makaranta ma abokan hulɗa ne. Su ke sanar da shi littafin da za a nema a bana, shi kuma yakan ajiye musu abin da ya san suna cigiya. Malamin zaure kan aiko almajiri da saƙon a nemo masa wani sharhi idan an je Sakkwato, a biya kafin alƙalami ko bayan an dawo.

Sai kuma matan aure, waɗanda da yawansu ba sa zuwa kasuwa. Yara ne 'yan aikensu. Yarinya ta zo da littafin da aka gama a cikin mayafi, ta faɗi sunan marubuciyar da uwar ɗakinta ke so, ta koma da wani. Littafi ɗaya kan zaga gida uku kafin ya dawo, kuma ana karanta shi da ƙarfi ga waɗanda ba su iya karatu ba.

Wannan hulɗa tana da nauyinta. Labaran soyayya sun daɗe suna shan suka daga masu ganin suna ɓata tarbiyya, har ta kai a shekarar 2007 an ƙona wasu a bainar jama'a a Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Mai tabarma a ƙaramin gari ba shi da hukumar tace littattafai a kansa, amma yana da wadda ta fi ta tsanani, wato idon iyaye da malaman unguwa. Dole ya san abin da ke cikin kayansa, ya kuma san wanda zai miƙa wa.

Ranar da aka rufe iyaka

Kaso biyu cikin uku na hajar, wato na addini da na Hausa, sun dogara ne da hanyar Sakkwato, birnin da bai kai kilomita 100 daga Ƙonni ba. Shi ya sa duk abin da ya taɓa iyaka sai ya taɓa tabarma.

A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa, ba a kuma buɗe ta Illela ba sai a Disamban 2020. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, wanda ya sa ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka sake garƙame iyakar, Najeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take ba maƙwabciyarta. An ɗage takunkumin ne a ranar 24 ga Fabrairun 2024, aka buɗe iyakar a watan Maris.

A irin wannan yanayi hankalin kowa na kan shinkafa da magani da mai, babu mai maganar littafi. Amma ƙaramin ɗan kasuwa da duk jarinsa bai wuce kwali biyu ba, shi ne ya fi kasa jure kuɗin ɓarauniyar hanya. Kuma idan abinci ya yi tsada, littafi ne abu na farko da magidanci ke cirewa daga lissafinsa.

Faɗuwar darajar naira tun daga watan Yunin 2023 ta zo da fuska biyu. Mai riƙe da sefa ya samu sauƙin sari a Najeriya, amma su masu ɗab'i a Kano da takardar waje suke aiki, don haka kuɗin bugu ya tashi, sababbin littattafai suka ƙara ƙaranci.

Damina ma ta yi nata. Ambaliyar 2024 ta sa gwamnatin Nijar ta ɗage komawa makaranta daga farkon Oktoba zuwa 28 ga watan. Ga mai sayar da littattafan lakwal, wannan na nufin kakarsa ta yi jinkirin kusan wata guda, alhali jarinsa na kwance tun Yuli.

Tsofaffin 'yan sana'ar sun taɓa ganin akasin haka. Lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, duk abin da ake shigowa da shi daga Faransa ya yi tashin gwauron zabo, har da littattafan makaranta. Iyayen da a da suke sayen sabo suka koma neman na hannu. Tsadar sabon littafi ita ce ta raya kasuwar tsoho, kuma har yau haka abin yake.

Gara, waya da kayan sata

Abokan gaban mai littattafai na kullum sanannu ne: gara da ɓera da ɗanshi, sai ƙurar hunturu da ranar bazara da ke cinye launin bango. Kwalin da aka ajiye a ƙasa a ɗakin laka na iya zama gari cikin 'yan makonni. Shi ya sa masu dabara ke ɗora kaya a kan bulo ko benci, suna kuma shanya su lokaci-lokaci.

Sauya manhaja ma asara ce. Da zarar an canza littafin da ake koyarwa da shi, tarin da ke hannu ya zama na masu ƙosai da tsire, a sayar da shi a matsayin takardar ƙunshi. Littattafan addini ba sa shiga wannan layi, domin babu Musulmin da zai yarda a ƙunshe abinci da takarda mai ɗauke da sunan Allah.

Akwai kuma tabon da sana'ar ke fama da shi. Wani lokaci yaro kan ɗauko littafin gida ko na abokinsa ya kawo, wani lokaci kuma littafin da aka raba kyauta a makaranta, mai hatimin hana sayarwa, shi ke ɓullowa a kasuwa. Mai sana'ar da ke son ya daɗe yakan duba hatimi, ya tambayi yaro ɗan gidan wane ne, domin kare mutuncinsa ya fi ribar littafi ɗaya. Haka nan bugun jabu da na hoto sun cika kasuwa, suna da araha ga mai saye amma marubuci ba ya ganin ko dala.

Babban sauyin da ya fi girgiza sana'ar shi ne wayar hannu. Marubutan Hausa da yawa, musamman mata, sun koma sakin labaransu shafi-shafi a WhatsApp da Facebook da Wattpad, mai karatu ya biya ta waya a sa shi a rukuni. Wasu kuma sauraren labaran suke yi a YouTube. Wannan ya rage masu haya ƙwarai a cikin matasa.

Sai dai waya na bukatar caji da kuɗin intanet, abin da ba kowane ƙauye ke da shi a wadace ba, kamar yadda aka gani lokacin yanke wutar 2023. Ba a kuma barin ɗalibi ya buɗe waya a aji. Har yanzu takarda na da masu ita.

Taskar da ba a san da ita ba

Akwai wani aiki da mai tsofaffin littattafai ke yi ba tare da ya sa kansa ba, wato adana tarihi.

Rubutun ƙagaggun labaran Hausa na boko ya samo tushe ne daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933, wadda ta fito da su Abubakar Imam. Kamfanin NNPC na Zariya, da aka kafa a 1966, ya ci gaba da sake buga irin su Magana Jari Ce, shi ya sa ba sa yankewa a kasuwa.

Amma labaran da suka ɓarke a Kano tun daga shekarun 1980, waɗanda Farfesa Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, ba su samu wannan gata ba. Marubutan ne ke buga abinsu da kuɗinsu a kan takarda mai araha. 'Yan kaɗan, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, sun yi sunan da ya sa ana neman ayyukansu har yau. Da yawa kuwa bugu ɗaya aka yi musu, daga nan shiru. Kwafin da ya rage na irin waɗannan yana cikin akwatunan mata ne da kwalayen masu haya, ciki har da na wannan gefen iyaka.

Shi kansa yankin yana cikin littattafai. A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo a 1754, kuma kakanninsa sun daɗe da zama a ƙasar Ƙonni kafin iyalin su koma Degel. Rubuce-rubucensa da na ƙaninsa Abdullahi, da ɗansa Muhammadu Bello, da 'yarsa Nana Asma'u, suna dawowa ƙasar haihuwarsa ne a cikin buhun ɗan kasuwa.

Haka kuma a 1899 ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya ratsa wannan ƙasa, ya gwabza da Sarauniyar Lugu a watan Afrilu, sannan ya yi wa Birnin Ƙonni mummunan kisan gilla a watan Mayu. Marubuci Abdoulaye Mamani ya gina littafinsa Sarraounia na 1980 a kan wannan tarihi, Med Hondo kuma ya mayar da shi fim a 1986. Masanin tarihi Djibo Hamani, wanda jami'ar Tahoua ke ɗauke da sunansa, ya wallafa bincikensa kan ƙasar Adar kafin zuwan Turawa a 1975. Matashin Ƙonni ko Illela da ke son karanta labarin garinsu, idan ba jami'a ya shiga ba, sa'arsa ita ce wata rana kwafin da wani tsohon ma'aikaci ya bari ya faɗo kan tabarma.

A wasu ƙasashe an san darajar irin waɗannan mutane. Masu sayar da tsofaffin littattafai a bakin kogin Seine na birnin Paris sun shafe ɗaruruwan shekaru a wurin, kuma da aka so ɗauke akwatunansu saboda bikin buɗe gasar Olympics ta 2024, ƙorafin jama'a ya sa Shugaba Emmanuel Macron ya janye shirin. Ɗaliban Hausawa da suka yi karatu a Azhar kuwa sun san kasuwar Azbakiyya ta Alƙahira, inda ake samun littafin da ya gagara a manyan kantuna.

Hausa ta zama harshen ƙasa, ina littattafan?

A ranar 26 ga Maris ɗin 2025 Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a kan kundin sake gina ƙasa, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wannan mataki ya jawo muhawara a tsakanin 'yan Nijar, amma ya kuma taso da tambayar da ta shafi mai tabarma kai tsaye: me mutane za su karanta da Hausar?

Koyarwa da harshen gida ba sabon abu ba ne a ƙasar. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram, kuma dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa. Cibiyar INDRAP da ke Yamai da maɗaba'u irin su Albasa da Gashingo sun fitar da littattafai cikin harsunan gida. Matsalar ita ce isar su hannun jama'a, domin hanyar rarraba littafi ba ta wuce manyan birane da makarantun da aka zaɓa ba.

Malaman yaƙi da jahilci sun san cewa wanda ya koyi karatu bai samu abin karantawa ba, cikin 'yan shekaru yake mantawa. A nan labaran Kano suka yi aikin da ba a yaba musu ba. Wanda ya yi lakwal ya saba ganin an rubuta Madaoua da Tsernaoua, a cikin waɗannan littattafai ne yake sabawa da ƙa'idar da za ta ba shi Madawa da Tsarnawa, da haruffa masu ƙugiya. Sai dai Hausar Kano ce a ciki, da unguwannin Kano da rayuwar Kano. Labarin mai noman albasa a Galmi, ko leburan siminti a Malbaza, ko ɗan ci-rani daga Adar, da bakin mutanen wurin, har yanzu yana jiran mai rubuta shi.

Idan aka rubuta shi, ba a bukatar ƙirƙiro sabuwar hanyar kai shi ƙauye, domin akwai ta. Mutumin da ya san ranar kowace kasuwa, ya san malamai da iyaye, yake kuma ba da bashi a kan amana, shi ne dillalin da maɗaba'a ke nema. Abin da ya rasa kaɗan ne: rumfa mai rufi daga ma'aikatar magajin gari don ruwa da rana su bar kayansa, maɗaba'ar da za ta ba shi kaya ya sayar kafin ya biya, da makarantun da za su shirya ranar musayar littattafai a farkon shekara su gayyace shi.

Kafin a kai ga haka, sana'ar na tafiya yadda ta saba. Idan rana ta yi sanyi, motocin siminti na ci gaba da wucewa, Malam zai kakkaɓe ƙurar da ta hau kan kayansa, ya jera na addini a sama, na lakwal a tsakiya, labarai a ƙasa, ya ɗaure kwali. Sannan ya buɗe ɗan littafin bashi ya duba sunayen da suka rage, da littattafan haya da ba su dawo ba, waɗanda a daren nan ake karanta su a wani gida da hasken tocila.